Edgar Codd: Matuƙin jirgin yaƙin da ya sauya yadda kwamfuta ke ajiye bayanai

Idan ka miƙa wa mai POS katinka ya cire maka kuɗi, a cikin 'yan daƙiƙu wata kwamfuta a banki za ta nemo sunanka daga cikin miliyoyin sunaye, ta duba abin da ke asusunka, ta rage, ta kuma rubuta cewa ta rage. Galibin bankunan duniya suna wannan aiki ne da rumbun bayanai mai tsarin jadawali. Ko a wayar da ke hannunka akwai ƙaramin irinsa mai suna SQLite, wanda ke cikin wayoyin Android da iPhone.

Mutumin da ya shimfiɗa tushen wannan tsari Bature ne ɗan Ingila, Edgar Frank Codd, wanda abokan aikinsa ke kira Ted. Ya rasu a 2003, kuma a wajen masu sana'ar kwamfuta ba kasafai ake jin sunansa ba. Shekaru ya yi yana faɗa a kan tunanin nasa, kuma faɗa mafi tsanani da kamfanin da ke biyansa albashi ya yi shi.

An haife shi ranar 19 ga Agusta, 1923, a tsibirin Portland da ke yankin Dorset a kudancin Ingila. Ya karanta lissafi da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Oxford, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu. Ya shiga rundunar sojin saman Birtaniya, ya tuƙa manyan jiragen Sunderland masu sauka a kan ruwa, waɗanda ke sintiri a teku. Bayan yaƙi ya ƙarasa digirinsa, a 1948 ya ƙaura zuwa New York, ya kama aiki da kamfanin IBM yana rubuta wa na'urorin lissafi na farko-farko umarni.

Tun a nan halinsa ya fara fitowa. A 1953, lokacin da Sanata Joseph McCarthy ke farautar waɗanda yake zargi da ra'ayin kwaminisanci a Amurka, abin ya ɓata wa Codd rai har ya tattara ya koma Ottawa a Kanada. Sai 1957 ya dawo. Daga baya, yana dab da shekara 40, ya koma aji a Jami'ar Michigan, ya samu digirin digirgir a 1965. A 1967 ya koma ɗakin binciken IBM da ke San Jose a jihar Kalifoniya, inda ya ci karo da matsalar da ta zame masa aikin rayuwa.

A wancan zamani ana ajiye bayanai a kwamfuta ne kamar itace mai rassa. A ce makaranta ce: makarantar ita ce gindi, ajujuwa rassa, ɗalibai kuma ganye. Idan kana son sunayen 'yan aji uku, abu ne mai sauƙi, ka bi reshen kawai. Amma idan shugaban makaranta ya tambayi ɗaliban da suka fito daga unguwa ɗaya a duk ajujuwa, sai an kira mai rubuta manhaja ya zauna ya tsara yadda za a bi kowane reshe ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma aka sauya yadda aka jera bayanan a kan faifai, manhajojin da aka sha wahalar rubutawa sai su daina aiki. Mai tambaya dole ya san hanyar da ke kai wa ga amsa kafin ya samu amsar.

Manhajar IBM mai suna IMS, wadda aka ƙirƙiro don lissafin kayayyakin kumbon Apollo, a kan wannan tsari take, kuma tana kawo wa kamfanin kuɗi masu yawa. A riƙe wannan, domin shi ne asalin rigimar.

Codd ya kalli lamarin da idon malamin lissafi. A 1969 ya rubuta rahoton cikin gida, sannan a watan Yunin 1970 ya wallafa maƙala a mujallar Communications of the ACM. Abin da ya kawo, idan aka cire lissafin, kowane mai shago zai gane shi. A zuba kowane irin bayani a jadawali: kowane layi na kwance abu ɗaya ne, kowane gurbi na tsaye sifa ɗaya ce ta abin. Kowane layi ya samu wata alama da ba ta maimaituwa, wadda ake kira mabuɗi. Idan jadawali biyu suna da alaƙa, mabuɗin ne zai haɗa su, ba wata ɓoyayyiyar hanya a cikin na'ura ba. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai. Nemo hanyar aikin kwamfuta ne.

Ana kiran wannan tsari mai dangantaka, kuma da yawa daga masu koyo suna ɗauka dangantakar da ke tsakanin jadawali da jadawali ake nufi. Ba haka ba ne. Kalmar daga lissafi Codd ya aro ta, kuma shi kansa jadawalin take nufi.

Wani ɓangare na aikinsa da har yau ake koyarwa a kwalejojin kimiyya da fasaha shi ne ƙa'idojin tsabtace jadawali, waɗanda ya faɗaɗa a farkon shekarun 1970. Ɗauki mai shagon kayan masarufi da ke ba da bashi. Idan duk lokacin da mutum ya karɓi kaya sai ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da unguwarsa a layin bashin, to mai bashi 40 lambarsa ta fito sau 40. Ranar da ya sauya layi, wuri 40 za a gyara. A manta ɗaya, littafin ya fara ƙaryata kansa. Mafi muni, idan ya biya duk bashin aka goge layukan, lambar tasa ma ta tafi. Maganin Codd shi ne a raba: jadawali ɗaya na abokan ciniki, kowa da lambarsa sau ɗaya tak, wani na bashi, wanda ke ɗauke da mabuɗin mai bashin kawai. Kowace gaskiya a ajiye ta wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin sunansa a rubuce iri biyu a takardun hukuma ɗaya ya san abin da ake gudu.

Masana da dama ba su yarda ba. Babbar hujjarsu ita ce sauri: kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi, kuma suna ganin babu yadda na'ura za ta zaɓi hanya mafi sauri kamar yadda ƙwararren mutum zai zaɓa. Hujjar ba ta banza ba ce. Jagoran wancan ɓangare, Charles Bachman, shi aka bai wa lambar yabo ta Turing a 1973, kuma a 1974 ya yi muhawara da Codd a bainar jama'a a wani taron masana a Ann Arbor.

IBM kuwa jan ƙafa ya yi ta yi, domin ba ya son abin da zai karya kasuwar IMS. Codd bai tsaya jiran izini ba. Ya riƙa bayyana wa manyan abokan cinikin kamfanin amfanin tsarinsa, su kuma suka koma suna matsa wa IBM lamba. Da kamfanin ya amince ya gwada, ya kafa aikin System R a San Jose, amma bai ɗora Codd a kai ba. Shi yana da harshen tambaya da ya tsara, mai suna Alpha. Ba a ɗauka ba. Wasu matasa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, su suka fito da nasu a 1974 suka kira shi SEQUEL. Boyce ya rasu a shekarar, bai kai 30 ba. Daga baya aka gajarta sunan zuwa SQL saboda wani kamfanin jiragen sama na Birtaniya, Hawker Siddeley, ya riga ya mallaki sunan farko.

Ƙungiyar System R ce ta amsa zargin rashin sauri. A 1979 Patricia Selinger da abokan aikinta suka wallafa yadda manhaja za ta ƙiyasta tsadar kowace hanya ta zaɓi mafi arha da kanta. Albarkacin wannan ne yau mai kula da rumbun bayanai, idan tambaya tana ɗaukar lokaci, zai iya ƙara fihirisa a kan gurbin da ake yawan bincike, aiki ya yi sauri, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya a cikin tambayar ba. Wannan rabuwa tsakanin tambaya da wurin ajiya ita ce abin da Codd ya nema tun farko.

Yayin da IBM ke shawara, wasu sun riga shi zuwa kasuwa. Larry Ellison da abokansa biyu, Bob Miner da Ed Oates, sun kafa ƙaramin kamfani a 1977, suna karanta maƙalolin da masu binciken IBM ke wallafawa kyauta, a 1979 suka fara sayar da Oracle. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Michael Stonebraker da Eugene Wong suka gina Ingres, wanda PostgreSQL na yau ya samo asali daga zuriyarsa. IBM bai fito da nasa na sayarwa ba sai 1981, DB2 kuma a 1983. Ellison ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya. Codd ya samu muƙamin girmamawa mafi girma na masu bincike a IBM a 1976, da lambar yabo ta Turing a 1981.

Nasarar ba ta kwantar masa da hankali ba. Da kalmar ta yi kasuwa, kowane kamfani ya fara liƙa wa tsohuwar manhajarsa sunan mai dangantaka. Codd ya bar IBM, ya kafa kamfanin ba da shawara tare da Chris Date da Sharon Weinberg, wadda daga baya ta zama matarsa. A watan Oktoban 1985 ya wallafa ƙa'idoji a jaridar Computerworld don tantance na gaske da na jabu. Ana kiran su ƙa'idoji 12, amma 13 ne, domin daga sifili ya fara ƙirga. Sun yi tsaurin da ko manhajojin IBM ba su cika su duka ba.

Shi kansa SQL bai tsira daga sukarsa ba, ko da yake an mai da shi ma'aunin Amurka a 1986, na duniya kuma a 1987. Ya ƙi jinin yadda harshen ke barin layi ɗaya ya maimaitu a jadawali, da yadda yake amfani da alama ɗaya ga duk gurbin da ba a cike ba. A ganinsa, lambar wayar da ba a sani ba daban take da ta mutumin da ba shi da waya kwata-kwata, kuma a littafinsa na 1990 ya nemi a ware musu alama biyu. Kasuwa ba ta bi shi ba. A nan ina ganin yana da gaskiya fiye da yadda aka ba shi: har gobe guraben da babu komai a ciki suna cikin abubuwan da suka fi ɓata wa masu rubuta SQL lissafi ba tare da sun lura ba.

Shi ma bai fita fes ba. A 1993 ya fito da kalmar OLAP, wato nazarin bayanai ta fuskoki da yawa, a wata takarda da daga baya aka gano kamfanin Arbor Software, mai sayar da irin wannan manhaja, shi ya ɗauki nauyinta. Abin ya jawo masa suka, amma kalmar ta zauna.

Codd ya rasu ranar 18 ga Afrilu, 2003, a gidansa da ke tsibirin Williams a jihar Florida, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 79. A shekarar da ta biyo baya, ƙungiyar masana rumbun bayanai ta SIGMOD ta sauya wa babbar lambar yabonta ta ƙirƙira suna zuwa nasa.