Jotto, Mai Zane na Italiya

A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani mutum wanda ba fasto ba ne, ba kuwa mai wa'azi ba, amma ya sa dubban mutane waɗanda ba su iya karatu ba suka ga labarin Ubangijinmu da idonsu. Sunansa Jotto. An haife shi wajen shekara ta 1267 a ƙasar Fulorans, cikin Italiya.

Wani marubuci mai suna Basari ya ba da labari a 1550, cewa Jotto yana yaro yana kiwon tumakin ubansa, sai wani babban mai zane, Cimabuwe, ya iske shi yana zana tunkiya a kan dutse, ya roƙi uban ya ba shi yaron ya koya masa. An rubuta wannan fiye da shekara 200 bayan mutuwar Jotto, saboda haka kada mu jingina da shi ƙwarai. Aikin hannunsa ne shaidarsa.

A zamanin nan ba injin buga littafi, ana kuwa yin sujada da harshen Latin, wanda talakawa ba su ji. Bangon majami'a shi ne littafinsu. To, masu zane na dā suna da hanyarsu wadda suka gada daga Helenawa na Kustantiniya. Sukan shafe bayan hoto da zinariya, ba sama ba ƙasa. Mutane sukan tsaya a miƙe suna duban gaba, jikinsu ba kauri, kamar an yanko su daga takarda. Wanda ya fi daraja shi ya fi girma a hoton, ko da yana nesa. Jariri Yesu ma yakan fito da fuskar dattijo. Kada mu raina su, gama da gangan suka yi haka. Nufinsu su nuna ɗaukakar sama, inda ba rana ba inuwa. Amma mai kallo yakan iya fita yana zaton Almasihu bai taɓa jin yunwa ko gajiya ba.

A 1300 wani attajiri na birnin Paduwa, Enriko Skrobenyi, ya sayi fili ya gina ƙaramin ɗakin sujada, tsawonsa kamar mita 20. Ubansa ya tara dukiya da ba da bashi da ruwa, sunan gidan ya ɓaci. Enriko ya kira Jotto ya zane bangon duka, aka keɓe ɗakin a 1305. A bangon ƙofa, cikin hoton Ranar Shari'a, ga Enriko a durƙushe yana miƙa ginin kyauta. Mu dai mun sani ba a sayen gafara da gini. Waɗansu hotunan kuma, na iyayen Maryamu, ba daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko su ba, daga al'adar Ekklisiya ne. Duk da haka abin da Jotto ya yi a ɗakin nan sabon abu ne.

Aikin da wuya yake. A kan ɗanyen shafe ake zanen, domin launi ya shiga ciki ya bushe tare da shi, don haka kowace safiya sai a shafe daidai abin da za a iya gamawa kafin dare. A maimakon zinariya ya sa shuɗin sama. Ya ba mutane nauyi, ya sa haske a gefe ɗaya, inuwa a ɗaya gefen, har ka ga akwai jiki a cikin rigar.

Ku dubi hoton da aka sauko da Yesu daga gicciye. Uwarsa ta rungume shi, ta kai fuskarta dab da tasa tana duban idon da ya rufe. Yohanna ya sunkuya, ya watsa hannuwansa baya don baƙin ciki. A sama mala'iku suna murɗewa da kuka. Akwai kuma mutum biyu zaune a ƙasa sun ba mu baya, ba mu ganin fuskarsu ko kaɗan. Mai zanen dā ba zai yarda da wannan ba. Amma duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san haka ake zama, sai mai kallo ya ji kamar shi ma yana bayansu a wurin. A wani hoton kuma Yahuda ya lulluɓe Yesu da mayafinsa rawaya zai sumbace shi, sanduna da fitilu sun cika sama, Yesu kuwa yana dubansa ido cikin ido, shiru.

Tauraron da ya bi da masu hikima zuwa Baitalami ya zana shi da wutsiya. Tauraro mai wutsiya ya bayyana a 1301, ana kuwa tsammani shi ya gani. Saboda wannan ne aka sa wa kumbon da ya je kusa da tauraron nan a 1986 suna Jotto.

Bai gane kome duka ba. Gidajensa sukan yi wa mutanen ciki kaɗan, duwatsunsa kamar na wasan yara. Sai bayan shekara ɗari Burunelleski ya fitar da lissafin yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, Masacco kuma ya yi aiki da shi wajen 1427, a farkon zamanin da Turawa ke kira Rinesans, watau farfaɗowa. Mikelanjelo ma yana saurayi ya je majami'ar Santa Koroce ya kwaikwayi mutanen Jotto a takarda.

Jotto ya yi suna, ya yi arziki. Sarki Robat na Nafoli ya riƙe shi a fadarsa shekaru kaɗan. A 1334 mutanen Fulorans suka sa shi shugaban ginin babbar majami'arsu, ya fara hasumiyar ƙararrawa. Ya mutu a watan Janairu 1337, hawa na fari kaɗai aka gama, waɗansu suka ƙarasa a 1359. A lokacin yaƙi, cikin 1944, bam ya fāɗa a kan majami'ar da ke maƙwabtaka da ɗakin Paduwa, ya farfashe zane-zanenta. Ɗakin Jotto kuwa bai rushe ba, hotunan suna nan a bangonsa.