Sheikh Abubakar Gumi: Ɗan alƙalin Gummi da ya shigar da malamai fagen siyasa

A shekarar 1949, malamai biyu matasa sun haɗu a makarantar horon malamai ta Maru, wadda yanzu take cikin jihar Zamfara. Ɗaya shi ne Malam Aminu Kano, ɗayan kuma Malam Abubakar Mahmud Gumi. Dukansu ba su gamsu da yadda sarakuna ke tafiyar da jama'a ba, sai dai kowa da hanyar da ya bi.

Malam Aminu ya ajiye koyarwa a 1950 ya shiga NEPU, jam'iyyar da ta tsaya wa talakawa. Shi kuwa Gumi gyaran aƙida ya sa a gaba, ya kuma zaɓi ya yi shi ta hanyar kusantar masu mulki.

An haife shi a garin Gummi a farkon shekarun 1920, a gidan alƙali Malam Mahmud. Ya yi Midil ta Sakkwato, ya wuce Makarantar Shari'a ta Kano inda ya gama a 1947, daga baya ya ƙaro ilimi a Bakht al-Ruda da ke Sudan.

A Maru aka fara jin sunansa. Ya ƙalubalanci limamin garin kan yin taimama alhali akwai ruwa, har maganar ta kai gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. A zamanin da ƙaramin malami ba ya ja da na fada, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin Hajjin 1955 ne ya haɗa shi da Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. Ya zama jami'in alhazan Najeriya a Jidda, ya zama na hannun daman Firimiya kan harkokin addini, sannan a 1962 aka naɗa shi Alƙalin Alƙalan Arewa. A shekarar ce aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, da shi a sahun gaba.

Bayan kashe Sardauna a Janairun 1966, Gumi ya ƙara fitowa fili. Tafsirinsa na Masallacin Sultan Bello, wanda Rediyon Kaduna ke watsawa, ya kai har ƙauyukan da ba su taɓa ganin jarida ba. A 1972 ya fitar da littafin Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki wasu ayyukan ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Malamai irin su Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Dahiru Bauchi suka mayar da martani.

A 1978 almajirinsa Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos. Daga nan rabuwar ta shiga gidaje: ɗa ya ƙi bin limamin mahaifinsa, unguwa guda ta koma mai masallatai biyu. Malaman makaranta, ma'aikata da 'yan kasuwa matasa da yawa sun karkata ga sabuwar tafiyar, saboda ta rage musu nauyin bukukuwa da durƙusa wa manya.

Gumi bai ɗauki zaɓe a matsayin harkar 'yan boko kaɗai ba. A Jamhuriya ta Biyu ya yi ta kiran Musulmi su yi rajista, har da matan aure, waɗanda a Jamhuriya ta Farko ba su da ƙuri'a a Arewa. Matsayinsa kan shugabancin wanda ba Musulmi ba kuma ya tayar da hankalin Kiristoci, musamman bayan taƙaddamar shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986.

Ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya kuma samu lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992, aka yi masa sutura a Kaduna.

Magoya bayansa na ganin shi ne ya buɗe wa talaka ƙofar tambayar hujja. Masu sukarsa kuwa sun ce ya raba kan al'umma. Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kai shi ne, tun daga zamaninsa, ɗan takara a Arewa ba ya tsayawa ga gaisuwar fada kaɗai, sai ya nemi jin abin da malamai za su faɗa a kan mumbari.