Jean Mermoz: Daga Wankin Inji Zuwa Tuƙin Jirgi

'Yan'uwa, duk ran da na ƙosa da koyon malanta, sai in tuna da Jean Mermoz, Bafaranshen da aka haifa a 1901. A 1924 ya nemi aikin tuƙi a kamfanin Latécoère, mai kai wasiƙu da jirgin sama. Ranar gwaji ya yi ta burga a sama, shi kuwa maigidan, Didier Daurat, ya tura shi wankin inji. Ya haƙura, ya wanke. Daga baya aka danƙa masa hanyar Kasabalanka zuwa Dakar. A 1930 ya ƙetare teku da wasiƙu daga Senegal zuwa Brazil. A 1936 ya ɓace a tekun nan, yana bakin aikinsa. Sannu ba ta hana zuwa.