John Wesley Hyatt: mai buga takardun da ya raba ƙwallon biliyar da hauren giwa

Masu buga biliyar, wasan teburi da a Najeriya aka fi sani da sunuka, sun san farin ƙwallo ne ya fi kowanne shan wahala. Shi sanda ke duka a kowane bugu, shi ke tarwatsa sauran a farkon wasa, kuma sau da yawa shi ke fara tsagewa. Wannan matsala ta tsagewa ce ta sa wani Ba'amurke mai suna John Wesley Hyatt ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje, har ya samar da seluloyid, robar farko da ta yi kasuwa a duniya.

Ɗan maƙeri a maɗaba'a

An haifi Hyatt ranar 28 ga Nuwamba 1837 a garin Starkey na jihar New York. Mahaifinsa maƙeri ne. Bai yi karatu mai zurfi ba, kuma bai taɓa koyon ilimin haɗa sinadarai a makaranta ba. Yana ɗan shekara 16 ya tafi jihar Illinois koyon aikin buga takardu. Tun yana can hannunsa ba ya zama wuri ɗaya: a 1861 ya samu takardar mallakar ƙirƙirarsa ta farko, a kan wata na'urar wasa wuƙa. Daga baya ya koma birnin Albany na jihar New York, ya ci gaba da aikin maɗaba'a.

Ƙwallon haure da laifuffukansa

A wancan zamani da hauren giwa ake sassaƙa ƙwallayen biliyar. Fatake sun daɗe suna wannan ciniki. Hausawa 'yan kasuwa kan sayo haure daga Adamawa, ayarin raƙuma kuma su ɗauke shi daga Kano da Damagaram tare da fatu da gashin jimina, su ratsa Sahara zuwa Tarabulus. Wani mai yawa yana fita ta Zanzibar, a gabashin Afirka, zuwa Turai da Amurka.

Aikin yana da ɓarna ƙwarai. Dole a yanko guntun daga tsakiyar haure, yadda jijiyarsa za ta ratsa cibiyar ƙwallon, in ba haka ba nauyi zai rinjaya gefe guda ya riƙa karkacewa a kan teburi. Saboda haka ƙwallaye ƙalilan ake samu daga haure ɗaya. Bayan sassaƙar farko, sai a ajiye su watanni su bushe kafin a daidaita su.

Duk da wannan wahala, haure ba ya daina motsi. Yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ba daidai yake yin haka ta kowane gefe ba. Wanda ya ga yadda iskar hunturu ke tsaga ƙyauren katako a Madawa ko Buza ya san irin abin. Ƙwallon da aka fito da shi daga sanyi aka soma bugawa a ɗaki mai ɗumi yana iya darewa. Wanda bai dare ba kuma, a hankali yake rasa zagayensa, sai an mayar da shi wurin masassaƙi. Ga tsada, ga wasan yana ta bazuwa a Amurka, ga giwaye ana ta kashewa.

A 1863 kamfanin Phelan & Collender na birnin New York, wanda ke ƙera teburan biliyar, ya yi shelar kyautar dala 10,000 ga duk wanda ya samo abin da zai maye gurbin haure. Wannan kuɗi ne ya ja hankalin Hyatt.

Daga maganin yanka zuwa seluloyid

Ya fara da garin katako da ƙaron shelak, yana matse su da zafi su dunƙule. Ya samu takardar mallaka a kan wannan a 1865, kuma a 1868 aka kafa kamfanin Albany Billiard Ball Company. Amma ƙwallayen ba su da taurin haure, ba su da santsinsa.

Mafitar tana cikin maɗaba'ar da yake aiki. Masu buga takardu suna ajiye wani ruwa mai suna kolodiyon, wanda suke shafawa a yatsa idan sun yanke, ya bushe ya zama kamar fata. Ana yin sa ne da audugar da aka jiƙa a ruwan asid, sannan aka narkar. Ana ba da labarin cewa wata kwalba ce ta zube, Hyatt ya tarar da abin ya daskare ya yi tauri. A 1869 ya samu takardar mallaka a kan lulluɓe ƙwallo da wannan ruwa.

Sai wata sabuwa ta ɓullo. Audugar da ta sha asid 'yar'uwar albarushi ce, har ana kiran wani nau'inta audugar bindiga. Taba mai wuta idan ta taɓa ƙwallon sai ya kama. Wani lokaci kuma idan ƙwallaye biyu suka yi karo da ƙarfi sai a ji ƙara kamar ta harsashi. Hyatt da kansa ya ba da labari a 1914 cewa wani mai gidan wasa a Colorado ya rubuto masa wasiƙa. Mutumin ya ce ƙarar ba ta dame shi sosai ba, abin da ke ba shi tsoro shi ne duk lokacin da aka ji ta kowa a ɗakin sai ya zaro bindiga.

Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah suka ci gaba da gwaji. Suka gano cewa idan aka cuɗa wannan auduga da kafur, aka matse da zafi, ana samun wani abu mai tauri da za a iya sassaƙawa, a goge, a rina, a sake ɗumamawa a lanƙwasa. Ranar 12 ga Yuli 1870 suka samu takardar mallaka. Isaiah ne ya raɗa masa suna seluloyid.

Kasuwa da shari'a

Abin mamaki, seluloyid bai zama ƙwallon da 'yan wasa ke nema ba. Manyan 'yan biliyar sun ci gaba da fifita haure har cikin ƙarni na 20. A wasu wurare ne sabon abin ya yi kasuwa. 'Yan'uwan sun fara da dasashin haƙoran roba a 1870, sannan suka mayar da masana'antarsu birnin Newark na jihar New Jersey da sunan Celluloid Manufacturing Company. Daga nan aka yi ta fitar da mataji, maɓallai, mariƙin wuƙa, wuyan riga da madannan fiyano. Kayan da a da sai mai hali ke saye saboda da haure ko ƙoƙon kunkuru ake yin su, talaka ya soma samu da araha. Daga 1889 kuma seluloyid ya zama fim ɗin ɗaukar hoto, wanda a kansa aka gina sana'ar silima.

Ba shi ne ya fara taɓa wannan hanya ba. Wani Bature mai suna Alexander Parkes, mutumin Birmingham a Ingila, ya nuna irin wannan abu a baje kolin Landan na 1862, amma kamfaninsa ya durƙushe a 1868. Tsohon abokin aikinsa, Daniel Spill, ya maka su Hyatt a kotu a Amurka. An yi shekaru ana shari'a, har a 1884 alƙali ya yanke cewa asalin dabarar ta Parkes ce, ba ta Spill ba, don haka masana'antar Newark ta ci gaba da aikinta.

Yadda ake yin ƙwallon a yau

Wanda ya kawo ƙarshen neman shi ne Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam da ke zaune a Amurka. A 1907 ya haɗa fenol da fomaldehaid ya samu Bakelite, robar da idan ta daskare zafi ba ya sake narkar da ita, kuma ba ta kama wuta kamar seluloyid. Da dangin wannan roba ake yin ƙwallaye masu inganci a yau. Mafi shahara su ne na Aramith, waɗanda kamfanin Saluc ke yi a ƙauyen Callenelle na Beljiyam, kusa da iyakar Faransa.

Ana zuba robar tana ruwa a mazubi mai siffar ƙwallo, a gasa ta a hankali har ta daskare tun daga ciki. Sannan a sassaƙe, a goge, a auna faɗi da nauyi. Ƙwallon teburi irin na Amurka faɗinsa milimita 57 ne da ɗan ɗori, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170. Lambobi da launuka a cikin jikin robar ake zuba su, shi ya sa ba sa gogewa.

Masu araha da poliyesta ake yin su, wanda ya fi saurin karcewa da ɓantarewa. Idan aka yi gaggawar gashi, ko kumfar iska ta maƙale a ciki, an bar rauni ke nan da ido ba ya gani. Kowane bugu yana ƙara buɗe 'yar tsagar, har ranar da ƙwallon zai rabe biyu a bugun da bai fi na kullum ƙarfi ba. Faɗowa kan siminti da daɗewa a rana suna gaggauta abin. Teburan da ake saka wa kuɗi kuma sukan yi amfani da farin ƙwallo mai ƙarfe a ciki, domin maganaɗisu ya ware shi ya dawo da shi ga ɗan wasa, kuma mahaɗar ƙarfe da roba wuri ne da tsaga kan iya farawa.

Sauran ayyukansa da rasuwarsa

Hyatt bai tsaya kan seluloyid ba. A 1872 shi da Isaiah suka samu takardar mallaka a kan injin da ke tura narkakkiyar roba cikin mazubi, dabarar da a yau ake yin bokiti da kujerun roba da marafan kwalba da ita. Ya ƙera matatar ruwan sha ta birane, da injin matse rake, da keken ɗinki mai allurai da yawa. A 1892 ya kafa kamfanin yin boris, abin da wasu makanikai ke kira rulma. A nan Alfred Sloan ya fara aiki a 1895, wanda daga baya, a 1923, ya zama shugaban kamfanin motoci na General Motors.

Gaba ɗaya ya mallaki takardun ƙirƙira sama da 200. A 1914 masana haɗa sinadarai suka ba shi lambar yabo ta Perkin, shi da bai taɓa zama ɗalibinsu ba. Ya rasu ranar 10 ga Mayu 1920 a Short Hills, jihar New Jersey, yana da shekara 82. Kamfanin ƙwallayen da aka kafa a Albany ya ci gaba da aiki har 1986. Shekara uku bayan haka, a 1989, ƙasashen duniya suka haramta cinikin hauren giwa a tsakaninsu.