Sydney Ringer: Likitan da ruwan famfo ya nuna wa sirrin bugun zuciya

Duk wanda ya taɓa jinyar mai kwalara a asibiti, da wuya bai ga ledar ƙarin ruwa mai ɗauke da sunan Ringer ba. Sunan wani likitan Ingila ne da ya rasu sama da shekara 100 da suka wuce.

An haifi Sydney Ringer a birnin Norwich a 1835. Ya yi karatun likitanci a University College da ke Landan, kuma a asibitin makarantar ya yi aiki kusan duk rayuwarsa. Littafinsa kan magunguna, wanda ya fito a 1869, an buga shi har sau 13.

Idan ya gama duba marasa lafiya, sai ya shiga ɗakin bincike, inda yake gwaji da zuciyar kwaɗi. A 1882 ya wallafa sakamakon da ya nuna zuciyar da aka ciro tana ci gaba da bugawa a cikin ruwan gishiri.

Da ya sake gwajin, sai zuciyar ta tsaya cikin ɗan lokaci. Ashe a karon farko mataimakinsa da ruwan famfon Landan ya haɗa ruwan gishirin, maimakon tataccen ruwa.

Sunansa na iya zubewa, amma Ringer bai rufe maganar ba. A 1883 ya bayyana kuskuren a mujallar da ta buga aikin farko, sannan ya bi diddigin abin da ke cikin ruwan famfon. Sinadarin kalsiyam ne, kuma in babu shi zuciya ba ta iya matsewa.

Masu binciken da suka biyo bayansa ne suka gano dalili. A jikin kowace ƙwayar halitta akwai furotin masu aiki kamar ƙofofi. Ta wasu kalsiyam ke shiga ƙwayar zuciya ya sa ta matse. Wasu kuma shi ne mabuɗinsu: da zarar ya yi yawa a ciki, sai su buɗe, potasiyam ya fita.

A 1958 masanin Hungary, György Gárdos, ya gano irin wannan a jajayen ƙwayoyin jini. A jikin masu sikila, idan ƙofar ta buɗe, ruwa na bin potasiyam ya fita, ƙwayar ta bushe, ta fi saurin lanƙwashewa.

Ruwan da Ringer ya haɗa kuwa, likitan yara na Amurka Alexis Hartmann ya ƙara masa sinadarin laktet a shekarun 1930. Shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a ɗaura wa wanda kwalara ta ƙarar wa ruwan jiki.

Ringer ya rasu ranar 14 ga Oktoban 1910 a ƙauyen Lastingham da ke Yorkshire, inda aka binne shi.