Muhammadu Al-Katsinawi, Masanin Hisabin da Ya Rasu a Alƙahira

Idan ka ga 'yan'uwanmu ɗaliban kimiyya a Gwagwalada sun duƙufa kan jingar fiziks, suna lissafin gudun dutsen da aka jefa, ko nauyin da ruwa ke iya ɗauka, ko saurin tafiyar sauti, sunayen da ke bakinsu su ne Niyuton da Arkimidis. Ni kuwa a wannan fitowa ina so in gabatar da wani Bakatsine da ya yi irin wannan zama na warware matsalar lissafi daki-daki, kusan shekaru 300 da suka wuce.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi, Larabawa na ce masa Al-Kishnawi. Ya yi karatu a wajen manyan malaman ƙasar Hausa da Barno, cikinsu har da Muhammadu Al-Wali na Bagirmi da Muhammadu Bindu, wanda a wajensa ya ɗauki hisabi da sanin lokuta da ilimin aufaƙi, wato abin da mu muke kira hatimi. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, daga can ya wuce Alƙahira ya zauna. A 1732 ya kammala littafinsa kan hatimi mai suna Bahjatul Afaƙ. Yana da wani kuma, Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai, kana ya yi rubutu a nahawu da manɗiƙi, don haka mu ɗaliban harshe ma muna da gado a gidansa.

Na san da an ambaci hatimi hankalin mai karatu zai tafi kan malamin tsibbu da allo da laya. Gaskiya ne da wannan niyya ake amfani da shi, kuma shi kansa Malam Muhammadu bai raba lissafinsa da asirai ba. Amma a ajiye layar a gefe, a dubi abin da ke ciki. Hatimi mai gida 9 ana zuba masa lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimilla ɗaya. Mai gaggawa zai yi ta cike gidaje yana gogewa har ya gaji. Masani kuwa jimillar yake fara nema: lambobin duka sun tashi 45, layuka 3 ne, ke nan kowane layi 15. Sai gidan tsakiya. Layuka 4 ne ke ratsa shi, jimillarsu 60. A cikin 60 ɗin nan kowane gida ya shiga sau ɗaya, ban da na tsakiya da ya shiga sau 4. A cire 45, saura 15, wanda shi ne ninki 3 na lambar tsakiya. Ashe 5 ce, babu wata. Daga nan sauran sai su zauna: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Kusurwoyin nan 2, 4, 6, 8, idan aka mayar da su haruffan Larabci, su ne suka ba da kalmar Buduhu da almajirai suka sani.

Abin da Al-Katsinawi ya yi shi ne tsara ƙa'idojin gina irin wannan hatimi ga duk mai ɓangare mara, kamar mai gida 25 da kowane layinsa ke ba da 65, ko mai gida 49 da ke ba da 175. A ganina hanyar ɗaya ce da ta ɗalibin fiziks na ƙwarai, wanda kafin ya taɓa alƙalami yake tambayar mene ne ba ya canzawa a cikin matsalar. Ruwan da ya shiga bututu ta baki mai faɗi shi ne zai fita ta matsattsen baki, shi ya sa dole gudunsa ya ƙaru.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, masanin falaki wanda daga baya ya yi suna wajen gyara ma'aunan nauyi na kasuwannin birnin. Shaihun ya yi karatun aufaƙi a wajen baƙonsa. A gidan ne Allah ya yi wa Malam Muhammadu rasuwa a 1741, ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Ɗan gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar da fiye da shekaru 10, shi ya rubuta tarihinsa a cikin Aja'ibul Asar. A 1973 wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo hanyoyin lissafinsa a littafinta Africa Counts, daga nan malaman lissafi na ƙasashen Turai da Amurka suka fara ambatonsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa nan a Sheda kusa da Kwali, ga mu nan muna nazarin Hausa, amma ɗalibin da ke son sanin wannan Bakatsine yawanci sai ya bi ta Larabci ko Ingilishi.