Thaddeus Stevens: Lauyan Da Wata Shari'a Ta Sauya Wa Rayuwa

An haifi Thaddeus Stevens ran 4 ga watan Afrilu na shekarar 1792 a garin Danville na jihar Vermont da ke Amurka, a gidan talakawa. Da tawayar ƙafa aka haife shi, ya kuma yi ta ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Tun yana yaro mahaifinsa ya fice ya bar gida. Mahaifiyarsa ce ta yi ta faɗi-tashi har ya kammala kwalejin Dartmouth a 1814. Daga nan ya nufi jihar Fensilbaniya, inda ya fara aikin lauya a garin Gettysburg a 1816.

A wancan zamani jihohin kudancin Amurka suna saye da sayar da baƙar fata kamar hajar kasuwa. A 1821 wata baiwa mai suna Charity Butler ta nemi kotu ta 'yantar da ita da 'ya'yanta. Stevens ya tsaya wa ɓangaren masu riƙe da ita, ya kuma yi nasara, aka bar matar cikin bauta. Marubuta tarihinsa da dama suna ganin wannan nasara ta tsaya masa a rai, domin daga baya ya koma kare bayin da suka gudo, sau da yawa ba tare da karɓar ko kwabo ba.

A 1833 ya shiga majalisar dokokin jiharsa. Bayan shekara biyu, da aka taso za a soke dokar makarantun gwamnati na kyauta, jawabinsa ya taimaka aka ceto ta, ɗan talaka ya ci gaba da samun wurin karatu. Ya kuma taɓa kasuwanci: ya zuba jari a masana'antar ƙarfe, bashi ya yi masa katutu. A 1842 ya koma garin Lancaster, ya duƙufa ga aikin lauya har ya biya masu bin sa.

Ya zauna a majalisar wakilai ta tarayya daga 1849 zuwa 1853, sannan ya dawo a 1859. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, shi ne shugaban kwamitin da ke nemo wa gwamnatin Shugaba Abraham Lincoln kuɗin yaƙi. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka fito da kuɗin takarda a 1862. A 1863 sojojin kudu suka ƙone masana'antarsa ta ƙarfe, amma asarar ba ta sa ya ja da baya ba. Ya ci gaba da matsa lamba har aka gyara tsarin mulki a 1865, aka haramta bauta a ƙasar da bayinta suka kai kusan miliyan 4. Yana kuma kan gaba wajen wani gyaran da ya ba 'yantattun bayi matsayin 'yan ƙasa.

Ba duk abin da ya nema ya samu ba. Ya so a karɓe gonakin manyan masu bayi a raba wa kowane iyali eka 40, don yana ganin wanda ba shi da gona ko jari zai koma hannun tsohon ubangidansa. Majalisa ta ƙi. A 1868 ya jagoranci yunƙurin tsige Shugaba Andrew Johnson, a lokacin rashin lafiya ta ci ƙarfinsa har sai an ɗauko shi a kujera. Ƙuri'a ɗaya ce ta hana a tsige shugaban.

Stevens ya mutu a birnin Washinton ran 11 ga watan Agusta na 1868, yana da shekara 76. Tun da ransa ya zaɓi wata ƙaramar maƙabarta a Lancaster, saboda a can ba a raba fari da baƙi. A nan aka binne shi.